Watan da Boyi Mai Faci Ya Haska

In ka shigo Illela daga hanyar Sakkwato, kafin ka kai bakin iyaka, za ka ga wata tsohuwar bishiyar dogonyaro da aka rataya wa matattun tayoyi. A gindinta Boyi yake faci. Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Ni ne Attahiru tela. Shagona yana kallon rumfarsa, tsakaninmu kwalta ce kawai da hayaƙin babura.

Duk wuni kan Boyi a sunkuye yake. 'Yan kabu-kabu masu tsallaka kaya zuwa Ƙonni su turo masa babur, ya zare robar cikin taya, ya hura mata iska, ya tsoma ta cikin daro mai baƙin ruwa, yana juyawa a hankali har kumfa ta taso. Hudar da ba ta kai bakin allura ba yakan gan ta. Ba ya ciniki, ba ya hira, ba ya ma ɗaga kai ya ga wanda ya kawo aikin. In ka ce ya cika tsada sai ya ce to, in ka ce ya yi arha sai ya ce to. Ni wannan hali yana ba ni haushi, na kuwa sha gaya masa.

Amma ba da faci aka san shi ba. Ka tambayi kowa tun daga Amarawa har Araba, Boyi Mai Wata za a ce maka. Tun muna samari, ba a taɓa yin ranar ashirin da tara ga wata ba tare da ya rufe rumfa bayan la'asar, ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya nufi tudun da ke yamma da gari bayan gonakin gero ba. Can yake tsayawa ya jira jinjirin wata. Kuma in dai watan zai ganu a ƙasarmu, shi ne farkon mai ganinsa.

Wajen uwarsa ya samo. Goggo muke ce mata, Bafillatana ce daga wata ruga a gefen Araba. Boyi ya ce yana ƙarami takan zaunar da shi a kan cinyarta in an gama tatsa, shanu suna tuƙa, hayaƙin garke yana kwanciya a ƙasa, ta juya masa fuska yamma. Takan ce masa kada ya kafa wa wata ido, yana da kunya. Ya kalli gefen inda yake tsammaninsa, ya saki idonsa, ya daina nema, shi da kansa zai fito. Har ya tsufa in yana ba da wannan labari sai muryarsa ta yi ƙasa, ya riƙa shafa gwiwarsa. Ya ce mini shi har yau in ya hau tudu ƙanshin madara mai ɗumi yake ji.

Ni kuwa aikina ɗaukar buta da tabarma. Shekara da shekaru ina binsa, ban taɓa ganin watan farko ba, ko sau ɗaya. Zaren keken ɗinki ya cinye mini ido tun da wuri. Makahon tela yake ce mini, ni kuma in ce masa mai wuyan raƙumi. Amma ina son tudun nan, ba zan ɓoye ba. Rana takan faɗi ta bar ja a bayanta, jan ya koma ruwan goro, ruwan goron ya dushe, sai wani kore-kore mai sanyi ya shimfiɗu a ƙasan sama na ɗan lokaci kaɗan. Belbelu su wuce. A arewa fitilun Ƙonni su fara kunnuwa ɗaya-ɗaya. Hayaniyar kasuwa da ta babura ta koma kamar a cikin rijiya ake yin ta. A wannan ɗan tsakanin Boyi ba ya ƙifta ido, ba ya jin kira, kuma fuskarsa takan koma ta yaro.

Sai dai ganin mutum ɗaya ba ya tsai da wata. Liman Sharafuddeen, wanda yake karɓar shaida kafin a kai maganar gaba, mutum biyu yake so, adilai, waɗanda ba a san su da ƙarya ba, kowa ya yi alwala ya rantse. Don haka ganin Boyi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ya sa wani ya gani. Yakan tsaya a bayan mutum, ya ɗora hannunsa bisa kafaɗarsa, ya ce ya bi yatsa. Malam Junaidu mai sayar da littattafai shi ne na biyunsa tsawon zamani. Shi da an nuna masa sai ya ce Allahu Akbar, su sauko tare. Da Allah ya yi wa Malam Junaidu rasuwa, Boyi ya shiga wahala. Samarin da ke hawa tudu yanzu da waya suke zuwa, idonsu ya saba da haske mai ƙarfi. Ka nuna musu da yatsa, su kalli yatsan. Sau nawa Boyi ya gani, ya nuna, ya nuna, har watan ya faɗi ba wanda ya tabbatar, muka sauko yana haɗiyar zuciya.

Mijin 'yarsa Radiyya, Zayyanu direba, shi ya kawo maganin abin, a ganinsa. Wata rana ya dawo daga kasuwar Ƙonni da wata 'yar fitila kamar alƙalami, baƙa, mai maɓalli ɗaya. Lesa suke ce mata. Ya ce, “Baba, ga yatsan da ba ya gajarta.”

Bayan isha'i muka gwada ta a ƙofar gida. Boyi ya danna. Ikon Allah! Wani koren zare ya fita daga hannunsa, siriri, miƙaƙƙe, ya tafi ya tafi har ya je ya dafa tauraro. Boyi ya saki maɓallin da sauri kamar ya taɓa wuta. Ya sake dannawa. Sannan ya ce, “Attahiru, yau na taɓa sama.”

Watannin da suka biyo baya ban taɓa ganin taubashina cikin farin ciki irinsu ba. Mutumin da ba ya hira ya zama mai wa'azin taurari. Da an idar da isha'i maƙwabta su shimfiɗa tabarmi, mata su leƙo ta kan katanga, shi kuma ya riƙa zagayawa da koren zarensa. Ga Zara. Ga Kaza da 'ya'yanta, ku ƙirga su. Ga wanda Goggo take cewa in ya tsaya bisa kai shanu su juyo gida. Ni kaina, makahon tela, a lokacin na fara ganin abin da ake nuna mini, don zaren yakan kai ni har wurin. Ya ce mini ya yi mafarki yana shanya fararen riguna a kan koren zaren kamar igiya, daga ƙofar gidansa har Zara, Goggo tana miƙo masa su ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa ya rage cin wake da dare. A tudu ma ta yi amfani. Da magariba ba ta fita sosai, amma in jan ya dushe ana ganin ta, kuma da ita ya sa samari biyu suka ga watan Rajab da idonsu.

Ni dai akwai abin da na lura da shi, tunda rumfarsa a gabana take. Boyi ya fara daɗewa a kan daro. Sai in ga ya juya roba ya juya, sannan ya waiga ko ana kallonsa, ya ɗaga ta ya kara a kumatunsa yana jin inda iska take fita. Wata rana ya gai da Zayyanu da sunan wani. Na tsallaka na dubi idonsa da kyau, na ga wani fari-fari ya fara kwanciya a kan baƙin.

Na ce, “Boyi, yanar ido ta fara rufe maka gani. Mu tahi asibiti.”

Ya ce, “Mi? Makaho ka gwada ma mai ido hanya?” Ya yi dariya, ni ma na yi, don haka muka saba. Maganar ta mutu a nan.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban tudu ya cika, kowa yana son ya ji ko gobe azumi. Sama tas, ba girgije ko ɗaya. Muka yi magariba a gurguje, Boyi ya miƙe a inda ya saba tsayawa, ni ina gefensa da buta. Shi ba ya ɗaga murya sai ya tabbatar, kullum ni yake fara gaya wa a hankali. Jan ya dushe, koren nan ya shimfiɗu. Sai na ji numfashinsa ya sauya.

Ya ce, can ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai na ji, “Ga shi. Alhamdu lillahi, ga shi.”

Ya ɗaga fitilar ya danna. Na bi zaren da ido, kuma wallahi na ga abu a ƙarshensa, wani ɗan siririn haske mai lanƙwasa, fari mai ruwan zinariya, rataye a inda wata yake tsayawa. Murna ta kama ni. Na ce a raina yau Attahiru ya ga watan farko. Boyi ya riƙe zaren a kansa, hannunsa ko rawa ba ya yi.

Sai watan ya motsa.

Ya karkata, hasken ya mutu, wata jar fitila ta ƙifta a inda yake. Can sai ƙara ta iso. Jirgi ne, irin waɗanda suke sintiri a kan iyaka tun da tsaro ya lalace. Rana ta faɗi a wurinmu amma shi yana sama, sauran haskenta ne ya kama masa fiffike. Ya yi wani irin tangaɗi, ya juya kudu, ya ɓace.

Samari suka fashe da dariya. Wani ya ce, “Kai! Baba Boyi ya harbo jirgi!” Ashe wasu suna ɗauka da waya. Na dubi Boyi. Fuskarsa ta yi fari fat. Sai ya buɗe baki ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya ce da ƙarfi, “Gaisuwa ce na yi musu. Kullum suna wucewa ba sallama.” Aka sake kwashewa da dariya. Ba a ga wata ba ranar, Sha'aban ya cika talatin.

Azumi bai yi nisa ba wata farar mota ta tsaya a gindin dogonyaro. Jami'ai ne daga Sakkwato. Babbansu, wani mai suna Mukhtar, mutum ne mai ladabi, har ya durƙusa ya gai da Boyi. Na bar keke na tsallako. Ya nuna mana hoton bidiyon a wayarsa, ya riga ya zagaya ko'ina. Ga koren zare, ga jirgi, ga muryar Boyi tana cewa gaisuwa ce.

Mukhtar ya ce, “Baba, a hannunka zare ne. Kafin ya kai can sama ya buɗe, in ya bugi gilashin gaban jirgi sai ɗakin matuƙa ya cika da kore, ba sa ganin komai. Yaron da ke tuƙi ranar sai da na kusa da shi ya karɓe, don idonsa ya ɗauke. Da a kan gari suka rikice fa? Doka ta ɗauki haska jirgi babban laifi. Akwai tara, akwai ɗauri, ana iya haɗa wa mutum duka.”

Boyi ya ce, “Idon yaron ya dawo?”

“Ya dawo, Baba, amma ya sha wuya.”

Suka tafi da shi da fitilar. Liman Sharafuddeen da kansa ya bi su Sakkwato tare da ni, ya tsaya masa beli, ya ce mutumin da ya yi shekaru yana karɓar rantsuwarsa ba zai kwana a tsare ba. Kafin mu baro ofishin, Mukhtar ya ja ni gefe ni da Boyi. Ya ce shi ba alƙali ba ne, amma abin da za a fi dubawa shi ne ganganci. Wanda ya san jirgi ne ya haska, kamar yadda bidiyon ya nuna, da wuya ya tsallake gidan yari. In kuwa kuskure ne, tsoho ne ya ɗauki wani abu a matsayin wani, to ya faɗa, akan sassauta.

Ka ga inda aka tsaya ke nan. In Boyi ya ce da gangan ya yi, ɗauri. In ya ce wata ya ɗauka, ya faɗa da bakinsa a gaban Liman cewa idonsa ba ya raba jinjirin wata da fiffiken jirgi, kuma daga ranar ba mai sake karɓar shaidarsa. Duk duniya ni kaɗai na ji abin da ya raɗa a kan tudu.

Na same shi bayan an sha ruwa, yana zaune a ƙofar gida da kofin kunu bai taɓa ba. Na ce, “To, sai ka hwaɗi gaskiya, a wuce wurin.”

Ya ce, “Gaisuwa na yi musu.”

“Gaisuwar uwar wa? Ni za ka yi ma wanga zance? Ba a kunnena ka ce ga shi ba?”

Raina ya ɓaci, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce tsoho da shi, da jikoki, zai je ya kwanta cikin ɓarayi saboda girman kai. Na ce wata ba na ubansa ba ne, ko ya mutu yau za a yi azumi a yi salla. Na faɗi maganganu masu zafi, har Radiyya ta fito daga cikin gida tana kuka, ta durƙusa ta ce, “Baba, don Allah ka dubi Inna, ka dube mu.” Ya ce ta koma ciki.

Da ta tafi ya ce, “Attahiru, ɗauri shina ƙarewa. In sun ɗaure ni, wata rana za su buɗe, in hito ina Boyi Mai Wata. In na ce idona ya yi mini ƙarya, wa zai buɗe ni? Mai faci kawai za ni zama. Mai faci kuwa akwai goma tsakanin nan da iyaka.”

Na ce, “To ni zan hwaɗa.”

Ya ce, “In ka hwaɗa, ba ni ba kai har kabari.” Bai ɗaga murya ba, kuma na san ba wasan taubasai ba ne. Na tashi na tafi ina huci. A hanya tausayinsa ya kama ni har na tsaya na jingina da katangar wani, don na gane ba girman kai ba ne, tsoro ne. Abu ɗaya Allah ya ba bawan nan a duniya, kuma ya ga ana shirin karɓa.

A goman tsakiyar azumi aka shiga kotu a Sakkwato. Muka cika mota, ni da Liman da Zayyanu da Radiyya. Duk hanya Boyi yana kallon waje ta taga. Ɗakin shari'ar ƙarami ne, fanka tana juyawa da ƙyar, kowa leɓensa a bushe. Aka karanta ƙara, aka kunna bidiyon, muryar Boyi ta cika ɗakin. Alƙalin, wani dattijo mai tabarau, ya tambaye shi ko shi ne ya haska. Ya ce shi ne. Alƙali ya ce kafin ya yanke hukunci yana son ya ji daga bakinsa yadda aka yi, amma bisa rantsuwa. Ya tambaye shi ko yana da alwala. Boyi ya ce bai taɓa fita gida ba ita ba.

Aka miƙo masa Alƙur'ani. Ni da na san shi na ga abin da ya faru. Hannayensa suka karɓa yadda suka saba karɓa a zauren Liman duk ƙarshen wata, dama a sama, hagu a ƙasa, ya ɗan rusuna. Bakinsa har ya fara motsi da kalmomin da ya saba. Sai ya tsaya. Ya dubi Littafin, ya dubi Liman da ke zaune a benci na gaba. Ya daɗe a haka, har alƙali ya cire tabarau. Ni kuwa ina ta addu'a ban ma san me nake roƙo ba.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ban taɓa riƙa wanga Littahi na hwaɗi abin da ban gani ba. Ba gaisuwa ba ce. Wata na ɗauka. Na ga haske ya lanƙwashe inda wata ka tsayawa, na ce shi ne, na gode ma Allah. Idona ya tahi, ya daɗe da fara tahiya, na ɓoye. Da na ga jirgi ne kunya ta kama ni, na yi ƙarya gaban yara. A gaya ma yaron da na haska ya yahe mini.”

Radiyya ta rufe fuska da mayafi. Liman ya sunkuyar da kai. Ni dai hawaye na ji yana bin gemuna, na bar shi, ban share ba.

Alƙali ya yi masa faɗa sosai, ya ce kuskure ba ya mai da jirgin da ya faɗi sama, kuma duk mai irin wannan fitila ya sani ba abin wasa ba ce. Ya ce saboda shekarunsa da gaskiyar da ya faɗa ba zai ɗaure shi ba. Ya ci shi tara, ya ce a lalata fitilar. Dangi suka haɗa aka biya.

Muna hanyar dawowa, har mun wuce Gwadabawa. Liman ya juyo daga gaban mota ya ce, “Malam Boyi, yau ka ƙara girma a idona. Amma shaida amana ce, ka sani.”

Boyi ya ce, “Na sani, Liman. Ba sai ka ƙarasa ba.”

Na yi zaton ba zai sake hawa tudu ba. Amma ranar ashirin da tara ga azumi, bayan la'asar, na ga ya rufe rumfa, ya fito da farar riga. Na ɗauki buta na bi shi. Mutane sun fi na kullum yawa, ana ɗokin salla. Suka gaishe shi da girmamawa, suka matsa masa, amma ba wanda ya zo ya tsaya kusa da shi yana jira kamar da. Samari suka yi gaba da wayoyinsu, mu biyu muka tsaya a baya. Aka sha ruwa da dabino, aka yi magariba, kowa ya juya yamma.

Yammacin ranar ya yi kyau har ya ba ni haushi. Iska ta kwanta. Jan ya daɗe bai tafi ba, sannan ya narke a hankali, sama ta yi wani irin taushi kamar an wanke ta. Samari suna ta nune-nune, wannan ya ce ga shi can, wancan ya ce ƙarya ne. Boyi ya zuba hannayensa biyu cikin aljihu. Can na ji numfashinsa ya sauya.

Ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya ce a hankali, “Attahiru. Bisa kan giginyar can, dama kaɗan. Duba mini. Shina tahiya?”

Na duba. Na ware ido, na ƙanƙance, na goge da hannun riga, na kalli gefe yadda Goggo ta ce. Na roƙi Allah ya ara mini ido na minti ɗaya. Ban ga komai ba sai sama.

Na ce, “Ban ga komi ba, Boyi. In kira yaran?”

Ya ce, “A'a.” Ya ci gaba da kallon wurin har duhu ya rufe giginyar, hannunsa bai fito daga aljihu ba. Ba wanda ya ga wata a tudunmu. Da dare rediyo ta ce ba a samu tabbaci ba, gobe a cika talatin.

Da hantsi ina kan keke, baki a bushe, sai iska ta kawo wani sauti daga arewa. Na tsai da ƙafa. Kabbara ce, da ganguna. Mutanen Ƙonni hukumarsu daban, sanarwarsu daban, kuma a can ƙasar an ga wata jiya, suna tafiya idi. 'Yan kabu-kabu suka fara shigowa da labari, wasu har da sababbin riguna.

Na tsallaka kwalta da gudu, ban ko sa takalmi ba. Na ce, “Boyi! Ka ji? Sun gani! Ashe shi ne ka gani jiya!”

Ya ɗago kai ya saurari kabbarar, ya daɗe yana saurare. Na jira ya yi murmushi, ko ya ce da ma ya sani, ko ya zage ni makahon tela. Sai ya ce, “Ban sani ba, Attahiru. Wallahi ban sani ba.”

Wani ya turo babur da taya a kwance, Boyi ya jawo akwatin kayan aikinsa. Ranar ya kai azuminsa har magariba tare da mu.